Taki ko Ta Ƙi? Yadda Ake Tace Rubutun Hausa Kafin Ya Bar Hannu

Wanda ya taso daga Katsina ya ratsa Kurfi ya shiga Dutsin-Ma, in yana da halin karanta duk abin da idonsa ya sauka a kai, ba zai rasa abin karatu ba: allunan shaguna, bayan motoci, katangun makarantu, takardun ɗaurin aure da aka manna a ƙofar masallaci. A jikin wata katanga zai ga an rubuta da fenti ko gawayi, "Ba'a zuba shara anan." Mai rubutun ya san nufinsa, mu ma mun gane don mun saba. Amma a ƙa'ida ba'a ita ce zolayar da ake yi tsakanin abokan wasa. Abin da mai katanga ke son faɗa shi ne "Ba a zuba shara a nan", kalmomi shida, kowace a tsaye da ƙafarta.

Hausar mutanenmu ba ta da laifi a baki. A hannu take tuntuɓe, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancinmu da bulala aka koya mana rubuta Turanci, Hausa kuwa aka bar mu muna rubuta ta da kunne, yadda ta faɗo daga baki. Ga shi kuma rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali: gadon kwanciya da gadon da magada ke rabawa rubutunsu ɗaya ne. Abu biyu ne suka rage wa mai karatu ya dogara da su, ƙugiyar baƙi da tazarar da ke tsakanin kalmomi. In ka zubar da su ka bar shi yana lalube.

Wannan jagora ta ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ce, wanda gobe zai tsaya gaban allo yara su kwafi abin da ya rubuta. Ta ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ce, da mai zanen allon shago, da sakataren ƙungiya da ke rubuta wa hakimi takarda. Hanyar kuwa guda ce: kada ka nemi kama dukkan kurakurai a karatu ɗaya. Ka maimaita karanta abin da ka rubuta, kowane zagaye da abin da kake farauta, kamar yadda mai tuwo ke yi wa gari, tankaɗe daban, rairaya daban.

Wa zai karanta?

Ka amsa wannan kafin ka ɗauki jan biro. Mutumin Kurfi cewa yake ya tahi Kurhi, shina zamne, baƙo ya sabka, ya hwaɗa mani, ga ɗiyata. Babu kuskure ko ɗaya a nan. Katsinanci ne, kuma masana harshe sun nuna cewa zamna da sabka sun girmi zauna da sauka. Malamin da ya ce wa yaro Hausar gidansu ba daidai ba ce, ya zalunci yaron, ya kuma yi wa ilimi ƙarya. Abin da ya kamata ya gaya masa shi ne akwai Hausar da aka yi yarjejeniya a kanta don rubutu, wadda ake kira daidaitacciyar Hausa, galibinta daga Kananci, domin Bazazzagi da Basakkwace da Badamagare su karanta takarda ɗaya ba tare da tafinta ba.

Yarjejeniyar tana da tarihi. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A shekarun 1930, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, bayan an gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi da wasu alamomi a gefensa. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Katsina, shi ne editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939, kuma jaridar ta yi aiki babba wajen zaunar da wannan rubutu a idon jama'a. Daga baya aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka zauna a Bamako a 1966, a Kano a 1972, sannan a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar.

Saboda haka in takardar jarrabawar WAEC ko NECO ce, ko wasiƙar ofis, ko labarin jarida, rubuta tafi, faɗa, zauna, yana, gidansa, masa, ya gaya wa Audu. In kuwa wasan kwaikwayo kake rubutawa ko labari, ka sa tsohuwa daga ƙauyen Kurfi tana magana, bar ta ta yi Katsinancinta, shi ne gishirin labarin. Abin da ke ɓata rai shi ne gauraye: masa a layin farko, mashi a na biyu, mishi a na uku. Zaɓi ɗaya ka riƙe.

Zagayen farko: haɗawa da rabawa

A nan mafi yawan ɓarnar take, don haka a nan za mu daɗe. Ɗauki sunan jaridar da muka ambata. Gaskiya Ta Fi Kwabo. Manne kalmomi biyun tsakiya, sai ka sami "Gaskiya tafi kwabo", ka kori gaskiya ke nan ka ce ta kama hanya. Haka tasha da ta sha, suma da su ma, kuma da ku ma, dama da da ma. Wanda ya rubuta "suma sunzo" ya sa mai karatu ya fara tunanin gashin kai ko wani ya faɗi a sume, kafin ya dawo ya gane baƙi ake nufi.

Ƙa'ida ta farko: ya, ta, na, ka, kin, mun, kun, sun, an, duk a rabe suke da aikatau. Ya zo, ta ce, na sani, sun tafi, an gama. In kana shakka, gwada cusa wata 'yar kalma a tsakani. Ana iya cewa ya ɗan zo, ta ma ce, sun fa tafi. Duk inda kalma ta sami wurin shiga, to tazara ce a wurin.

Wannan gwajin zai nuna maka kuma waɗanda ake haɗewa. Ana cewa yana ɗan zuwa, ba a cewa "ya ɗan na zuwa". Don haka ina, kana, kina, yana, tana, muna, kuna, suna, ana a haɗe suke. Haka yake, take, muke, suke, ake. Haka yakan, takan, sukan, akan. Haka suka, muka, kuka, kika, aka. In ka buɗe tsofaffin littattafai za ka ga "ya ke" da "su ke" a rabe. Ba kuskuren marubutansu ba ne, ƙa'idar ce aka sauya daga baya.

Za kuwa ita kaɗai take tsayawa: za ka, za ki, za ta, za mu, za ku, za su, za a. Biyu ne kawai suka narke suka zama kalma guda, zan da zai. Haka ba ta korewa: ba ka zo ba, ba ta zo ba, ba su zo ba, ba a zo ba, ba ya zuwa, amma ban zo ba, bai zo ba. Ka lura babu alhamza a za a da ba a. Wannan 'yar alama wurinta tsakiyar kalma ɗaya ne, inda murya ke ɗan katsewa: sa'a, jama'a, sana'a, addu'a, ma'aikata, jami'a, Alƙur'ani.

Akan da a kan sun isa a tsaya musu. Akan cika kasuwar Dutsin-Ma ranar Laraba, wato an saba. Kaya suna a kan mota, wato a bisanta. Mun yi magana a kan taki, wato game da shi. In za ka iya sa bisa ko game da a madadinta, raba. Kullum a mai nuna wuri a rabe take: a nan, a can, a ciki, a gida. Haka da: da shi, da ita, da su. Haka dirka: shi ne, ita ce, Audu ne, mota ce, shi ke nan.

Sai wurin da har masu digiri ke zamewa, wato wakilin sunan da ke bin kalma. Gajeriyar mallaka a manne take: gidana, gidanka, gonarsa, rigarta, garinmu, motata. Doguwar mallaka a rabe: gida nawa, gona tasa, gari namu. Wakilin sunan da aiki ya faɗa wa kuwa a rabe yake da aikatau: ya kama shi, ta kira ni, mun taimake su, ya ba ta. Dabarar ganewa ita ce ka saurari n ko r ta haɗi kafin wakilin sunan. In ka ji ta, manne: yana kiransa, ana nemanta, suna dukansu. In babu, raba: ya kira shi, an neme ta. Sai dai ka yi hattara da aikatau uku da ke ƙarewa da waɗannan baƙaƙe ba don mallaka ba: ya gan shi, na san ta, sun bar mu. Su a rabe suke. Mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu kuwa kowace kalma ɗaya ce, amma ba ta mannuwa da aikatau: ya kawo mini, ba "yakawomin" ba.

Dubi abin da kan faru in aka yi watsi da wannan duka. Wani ya aiko maka da "yabata". Ya ba ta ne, wato ya miƙa mata? Yaba ta ne, wato ka yi mata yabo? Ko ya ɓata ne, an neme shi an rasa? Haruffa shida, ma'ana uku, kuma ɗaya daga ciki tana iya tayar da hankalin gida guda.

Ragowar na wannan zagaye ba su da wuya. Kowa, komai, kowane, kowace, ko'ina, koyaushe a haɗe. Kalmar da aka maimaita da harɗaɗɗen suna a sa musu karan ɗori: sannu-sannu, daban-daban, kaɗan-kaɗan, ci-rani, gama-gari, faɗi-tashi.

Zagaye na biyu: ƙugiya

Yanzu koma farko, kada ka karanta ma'ana, bi b da d da k da y kawai, kana furta kowace kalma. Baƙaƙen huɗu ne: ɓ, ɗ, ƙ, da 'y, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. Ba ado ba ne, baƙaƙe ne masu zaman kansu. Baki daban, baƙi daban. Kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, bari da ɓari, kwari da ƙwari. Wanda ya rubuta cewa kura ta tashi a hanyar Kurfi lokacin hunturu ya ba da labarin dabbar dawa, alhali ƙura yake nufi. Yaya wa ne ko ya, ko kuma tambaya. 'Ya'ya su ne abin da aka haifa. "Ya'ya" da ake yawan gani ba ko ɗaya ba ce.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ta'aziyya. Kullum aka yi rasuwa sai saƙonni su cika waya: "Allah ya jikansa." Jika ɗan ɗa ne. Addu'ar daga jin ƙai take, don haka Allah ya ji ƙansa, ko ya jiƙansa kamar yadda wasu ke haɗewa, amma ko ta yaya ƙugiyar ba ta faɗuwa. Mutum ya yi niyyar alheri, ya kamata ya ƙarasa ta da harafi ɗaya.

Sunayen wurare da sarautu su ma suna da haƙƙi. Ƙanƙara ƙugiya biyu gare ta. Ɗanmusa da Ɗ take farawa. Hakimin Kurfi Maraɗin Katsina ne, da ɗ. Takardun gwamnati na Turanci sun saba zubar da su, kamar yadda suka saba ƙara h su rubuta Charanchi. A rubutun Hausa Caranci ce, domin c ɗinmu ba ta bukatar h ta tallafe ta.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne waya ba ta da waɗannan baƙaƙe. A da gaskiya ne, yanzu kuwa ya ƙare. Shiga saitin allon rubutu na wayarka, irin su Gboard, ka ƙara harshen Hausa, za ka same su manya da ƙanana. Daga nan kuma sai ka sallami baƙin haure: q a madadin ƙ, x a madadin z, da h ɗin da ake rataya wa ƙarshen kalma don yanga. "Xan xo", "qasa", "inah", "nee". Tsakanin abokai, da su "ykk" da "lfy" da "ngd", babu mai hana ka. Matsalar ita ce hannu yana da sabo, ranar jarrabawa sai ya rubuta abin da ya saba.

A wannan zagayen ne kuma za ka duba baƙaƙe masu goyo in an nanata su. Harafin farko kaɗai ake ninkawa: kyakkyawa, tsattsaura, shasshaka, ƙwaƙƙwara.

Zagaye na uku: n da r, namiji da mace

Sunan Dutsin-Ma kansa darasi ne. A baki Dutsimma muke cewa, domin n in ta haɗu da m ko b ko f takan rikiɗe ta koma m. Amma asalinsa dutse ne da mahaɗin n, sannan Ma, shi ya sa jami'ar da aka kafa a garin a 2011 take rubuta shi da n. Ƙa'idar ke nan: a cikin kalma rubuta abin da ka ji, tambaya, ambaliya, Malumfashi, a ƙarshen kalma kuwa bar n a matsayinta ko da kunne ya ji m. Gidan Musa, ɗan Bello, an ba shi, zan biya, har da n ta haɗi a gidanmu. Haka r ta mace. Baki yana cewa rigas sarki, motam Malam, hannu kuwa rigar sarki, motar Malam zai rubuta.

Wace kalma ke ɗaukar r? Mace mai ƙarewa da a: gonar, kasuwar, ranar, makarantar. Namiji da jam'i n suke ɗauka. Yanzu ana ƙara jin "ranan Laraba" da "motan Alhaji" da "karɓan kuɗi" a bakin matasa, har ya fara shiga takarda. Ranar, motar, karɓar. Amma kada ka ɗauka duk mai ƙarewa da a mace ce: ruwa, gida, suna, nama maza ne, ruwan Zobe, sunan yaro. Akwai kuma macen da ba ta ƙare da a ba, wadda ke ɗaukar n amma jinsinta na nan daram. Gwamnatin jiha ta ce, ba ya ce ba. Sunayen garuruwa da na ranaku duk mata ne ko da me suka ƙare: Kurfi ta cika, Dutsin-Ma ce, yau Alhamis ce, Litinin ta yi.

In ka tabbatar da jinsin suna, bi jimlar har ƙarshe ka ga kowa ya yi masa biyayya: ne ko ce, wani ko wata, wancan ko waccan, wanda ko wadda ko waɗanda. Wanda ya zama ɗan lelen marubutan yau, ana aika shi ko'ina: "mata wanda suka zo", "yarinya wanda ta ci". Mata waɗanda suka zo, yarinya wadda ta ci. Sau da yawa ma da kaɗai ta wadatar: matan da suka zo, yarinyar da ta ci.

Zagaye na huɗu: kalmar da ta dace

Wannan ba a gama shi, sai dai a ɗan taɓa. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar fartanya ko keke. Kuɗi da hatsi rance ake yi, domin ba su za ka mayar ba, madadinsu ne. Ka ce wa dattijo ya ara maka dubu biyar, zai ba ka, amma ya ji. Ana ɗaura aure da zane, ana ɗora tukunya da kaya da laifi. Mace ta haihu, amma ta haifi ɗa. Ana shan rake da mangwaro da kankana. Dabba ta mutu, mutum ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya.

Sai Hausar da aka ɗinka a kan Turanci, wadda ta fi yawa a labarai da jawaban taro: "ya rasa ransa", "ya ɗauki rantsuwa", "a ƙarshen rana". Ya rasu, an rantsar da shi, daga ƙarshe. Ba na cikin masu cewa a kori duk baƙuwar kalma; mota da tebur da asibiti sun zama 'yan gida tuntuni, kwamfuta ma ta sami ɗaki. Ginin jimla ne abin tsoro. In ka rubuta jimla, tambayi kanka ko kakarka za ta faɗe ta haka. In kuma rubutun wata kalma ya shige maka duhu, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006 shi ne alƙali mafi kusa.

Bari mu gwada a kan saƙo ɗaya, irin wanda mai noman rani a bakin madatsar Zobe zai iya samu a wayarsa:

"Slm Alh yaron yazo dashi jiya amma Hajiya taki karban kudin takin tace abata ranan laraba akan idon kowa"

Zagayen farko ya raba ya zo, da shi, ta ki, ta ce, a ba ta, a kan. Ka ga "dashi" a wurin mai lambu yana iya zama dashen tumatir, "abata" kuma tana iya zama a ɓata. Zagaye na biyu ya mayar wa ta ƙi da karɓa da kuɗi ƙugiyoyinsu, ya bar takin gona yadda yake, don shi ba shi da ita. Na uku ya gyara karɓar da ranar. Saura babban baƙi a farkon jimla da sunan rana, da aya da waƙafi inda numfashi ke tsayawa:

"Salamu alaikum, Alhaji. Yaron ya zo da shi jiya, amma Hajiya ta ƙi karɓar kuɗin takin, ta ce a ba ta ranar Laraba a kan idon kowa."

In abin bugawa ne, katin ɗaurin aure ko kalandar ƙungiya ko allon shago, da sauran aiki bayan ka gama naka. Ba kowane salon harafi na kwamfuta ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba. Wani in ya ci karo da su sai ya fitar da ɗan akwati ko alamar tambaya, mai shagon kuma don ya huta sai ya goge ya sa b da d da k, ɗaurin aure ya koma "daurin aure". Ka ce ya sauya salon harafin zuwa wanda ke da su. Mai fenti kuwa rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe, ka nuna masa ƙugiyar da yatsa, ka nuna masa inda tazara take, domin shi faɗin allo yake aunawa, in wuri ya ƙure masa zai matse kalmomi biyu su zama ɗaya. Kada ka yarda a buga ɗari biyar sai an fitar maka da guda ɗaya a takarda ka karanta da ƙarfi, ka kuma miƙa wa wani da bai san abin da ke ciki ba shi ma ya karanta maka, sunayen ango da amarya da rana da wuri duka.